Aje

Inna ba ta taɓa kiran sunana ba.
Sunan surukinta aka sa mini, mai nauyi a baka,
sai ta ce Bappa, in amsa daga ƙofar gida a Bolari.
A bakinta na fara gane cewa gajeren suna
yana iya ɗauko mutum sukutum.

Yau ga ni a ɗakin injuna a Jekadafari,
sanyin na'ura na cizon yatsu,
waje kuwa rana na gasa kwalta.
Baƙin allo a gabana, ɗan haske na ƙifta ido.
In tambaye shi, ya amsa:
faifai ya cika, saura ƙiris,
wancan injin ya yi gum tun asuba.
Ya faɗa, maganar ta haura sama, ta ɓace
kamar ruwan farko a yashin kwari.

Sau nawa na kashe matsala ran Talata,
ta dawo bayan salla sanye da wata riga,
in dafe kai: me ma na buga rannan?
Allo ba ya ɗumame.

Wani dare, janareta na tari,
na ɗinka umarni dogo kamar layin gidan mai:
ɗauki kwanan wata ka ɗora bayan alamar tsani, ya zama kai,
kafa 'yan ƙaya uku a sama, uku a ƙasa,
ka zuba abin da allo ya faɗa cikin shingen,
ka kai fayil.
Sannan na raɗa masa suna, ba rago, ba goro:
aje.
Baƙi uku. Sanda a tsaye, sai aje,
magana ta gangara ta kwanta a makdawun, tsaf,
ko injin Dukku ya buɗe ta, zai karanta.

Babana awo yake yi a Tudun Hatsi.
Littafinsa ya sha gumi har bangon ya yi laushi:
wane, tiya huɗu, bashi.
Cewa yake, kai tulu ne mai tsaga,
alƙalami ne kaɗai ba ya yoyo.
Da na nuna masa nawa, ya matso da tabarau,
ya ce, to ina sunan wanda ake bi?
Na ce ni ne, Baba. Gobe ke bin jiya.

Amma bari in faɗi inda na yi ɓari.
Kibiya biyu ƙari ce, a ɗora a kan na da.
Kibiya ɗaya shara ce.
Ran wata Alhamis ina gyaran laƙabin,
kira ya shigo, shayi na hucewa,
na goge ɗaya ban sani ba.
Na buga aje.
Wata bakwai na rubutu suka tafi ba sallama,
ya bar mini layi shida da kwanan watan ranar,
tsaf da su, sai ka ce ba abin da ya faru.
Ban zage shi ba.
Ɗan aike ne, abin da na ba shi ya kai.

Na sake farawa daga layi shidan nan.
Abu na farko da na aje shi ne kuskuren.

Yanzu an tura ni Bajoga.
Gidado zai gaji kujerar, mai ƙafa ɗaya a kan bulo.
Na bar masa makulli, da lambar mai gyaran janareta,
da fayil mai kawuna ɗari biyu da wani abu.
Ya ce, Oga, in abu ya tsaya fa?
Na ce buɗe ka duba, ƙila ya taɓa tsayawa.
In sabo ne, ka tambayi allo,
kafin amsar ta haura sama
ka kira shi da sunan da na sa masa.
Yana amsawa. Ka dai ƙirga kiban.